Murhun da Ba Ya Hayaƙi

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har na taɓa rubuta ta a jarrabawa aka ba ni maki, amma ban san nauyinta ba sai a ƙarshen shekarar 2024, sa'ad da kwalejinmu ta aike mu koyon aikin koyarwa. Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin abin da ya same ni, ko wani ya tsinci abin amfani a ciki tun lokacinsa bai zo ba.

An tura ni wata makarantar firamare a Jos, aka ba ni aji biyar. Da yake ba ni da kuɗin kama ɗaki, sai mahaifina ya ce in sauka wurin yayarsa, watau Goggona, wadda ke zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta, 'ya'yanta kuwa aiki ya watsa su garuruwa. Ya ce mini, "Ka je ka zama mata hannu da ƙafa." Na amsa da murna, gama a zuciyata na riga na ƙudura cewa na sami mai dafa mini abinci kyauta har wata uku.

Ashe ba haka abin yake ba. Na iske Goggo ba ta da lafiya. Tana da hawan jini, ga kuma wani tari da ke kama mata ƙirji duk lokacin da ta shaƙi hayaƙi ko sanyi ya tsananta, sanyin Jos kuwa na ƙarshen shekara ba sai na gaya muku ba. Likita ya hana ta zama kusa da gawayi, ya kuma ce ta rage gishiri da mai. Tukunyar gas tana nan a kicin, amma wayam, domin kuɗin gas ya hau, ɗan abin da 'ya'yanta ke aikowa kuma magani ke cinye shi. Saboda haka abincinta ya koma shayi da burodi safe da yamma, sai fa ranar da maƙwabta suka tuna da ita.

Ni kuma, kunyar faɗa nake ji, ina da shekara 24 ban taɓa dafa kome ba, in banda ruwan zafi da taliyar leda. A gida 'yan'uwana mata ne da murhu. A makarantar mishan inda na yi sakandare kuwa, ƙararrawa ake kaɗawa mu ɗauki kwanoninmu mu bi layi. Ban taɓa tambayar yadda wake ke zama abinci ba. Sai muka zama mu biyu, tsohuwar da ta iya girki amma an hana ta, da saurayin da ba a hana shi ba amma bai iya ba. Mako biyu muka yi a kan shayi da burodi da garin kwaki.

A mako na uku darasin kiwon lafiya ya kawo mu kan abinci. Na shirya shi da kyau, na zana da'ira a allo na raba ta uku. Na ce wa yara, ga abinci mai ba da ƙarfi, kamar dawa da masara da acca da dankali. Ga mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da kifi da ƙwai. Ga kuma mai tsare jiki daga cuta, watau ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Na ce duk kwanon da bai haɗa ukun nan ba bai cika ba. Yara suka maimaita da ƙarfi, ina jin daɗi. Sai wata 'yar yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, kai me ka ci yau da safe?"

Kai! Ban taɓa jin tambaya ta yi mini nauyi irin wannan ba. Na ce mata ta zauna, za mu dawo kan wannan. Kafin a tashi jiri ya ɗebe ni, har sai da na dafa tebur. Da na koma gida kuma na iske abin da ya fi wannan muni. Goggo ta ga ina ramewa, tausayi ya kama ta, ta hura gawayi a bayan ɗaki don ta yi mini tuwo. Na same ta zaune a ƙasa, ta jingina da bango, tana tari kamar ranta zai fita, tukunya na tafasa ba mai kula. Na ɗauke ta na kai ta ɗaki. Daren nan ban yi barci ba. An aiko ni in zama mata hannu da ƙafa, ga shi ina neman zama ajalinta.

To, a falon Goggo, bisa kabad, akwai wani farin akwati da aka lulluɓe da saƙaƙƙen ƙyalle, aka ɗora masa furen roba. Na'urar ɗumama abinci ce, wadda ake kira maikirowef. Babban ɗanta ne ya kawo mata daga Legas shekara biyu da suka wuce, ba ta kuwa taɓa jona ta ba. Da gari ya waye na ce, "Goggo, me zai hana mu gwada wannan?" Ta girgiza kai, ta ce, "Ɗana, wutar da ido ba ya gani ba za ta dafa abin da zan sa a bakina ba. An ce ciwon daji take sawa." Ban yi mata gardama ba, domin ni ma ban san gaskiyar maganar ba.

Matambayi ba ya ɓata. Na je wurin malamar kimiyya ta makarantarmu, wata dattijuwa mai haƙuri, na gaya mata halin da muke ciki. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla, ni kuma daga baya na ƙara da karatu. Ga abin da na fahimta.

A cikin akwatin nan akwai wani ƙarfe da ake kira maganatiron, wanda ke juya wutar lantarki ta zama igiyoyi, dangin waɗanda ke kawo mana muryar rediyo, sai dai sun fi su gajarta. Suna kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa guda. Kowace ƙwayar ruwa da ke cikin abinci tana da kai biyu masu caji dabam dabam, saboda haka igiyoyin nan sai su riƙa juya ta gaba da baya, tana gogar maƙwabtanta, daga nan zafi ke fitowa. Watau abincin ne ke yin zafi da ruwan jikinsa. Igiyoyin ba irin na hoton ƙashi na asibiti ba ne, ba su da ƙarfin da za su canja abinci ya zama guba, ba sa kuma zama a cikinsa. Da an kashe, ko an buɗe ƙofa, sun ɗauke, kamar yadda haske ke ɗaukewa in an kashe fitila. Ragar nan da ke jikin gilashin ƙofa ita ke tsare su a ciki, domin tsawon igiyar ya kai wajen santimita 12, ramukan ragar kuwa ƙanana ne ƙwarai. Abin da za a kiyaye kawai shi ne kada a yi aiki da wadda ƙofarta ta lanƙwashe ko ba ta rufuwa sosai.

Asalinta ma abin mamaki ne, gama daga kayan yaƙi ta fito. A shekarar 1940 wasu masana biyu na Jami'ar Birmingham a Ingila, John Randall da Harry Boot, suka ƙera maganatiron mai ƙarfi domin na'urar hango jiragen sama. A 1945 wani injiniya a Amurka, Percy Spencer na kamfanin Raytheon, yana aiki kusa da irin wannan ƙarfe, sai ya ga alewar da ke aljihunsa ta narke. Maimakon ya yi fushi da wandonsa, sai ya tambayi kansa dalili. A 1947 aka fara sayar da murhun, tsayinsa ya kusa ƙafa shida, nauyinsa wajen kilo 340, sai manyan ɗakunan girki ke iya sayensa. Sai a 1967 kamfanin Amana ya fitar da ƙarami wanda ya shiga gidajen mutane sosai.

Na dawo gida na kwashe wannan bayani duka na gaya wa Goggo. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "To, Malam, ka fara ci. In ka kwana uku da rai, ni ma zan ci."

Kada ku zaci daga nan kome ya tafi daidai. Ran farko na sa ƙwai biyu da ɓawonsu, na rufe, na tsaya ina kallo. Ba a yi minti biyu ba sai na ji tau! kamar an harba bindiga. Tururi ya taru a cikin ɓawon bai sami hanyar fita ba. Rabin awa na yi ina kankare ƙwai daga bangon na'urar. Daga baya na karanta cewa shi ma Spencer ƙwai ya fashe musu a ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu na farko, sai hankalina ya ɗan kwanta. Kuskure na biyu ya fi zafi. Na ɗauko wani farantin tangaran mai zoben ruwan zinariya a baki, na zuba shinkafa na sa. Nan da nan sai tartsatsi kamar walƙiya. Na kashe da sauri, amma zoben ya riga ya ƙone ya yi baƙi. Ashe farantin cikin kayan auren Goggo yake, shekaru masu yawa tana adana shi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta karɓa, ta goge da bakin zanenta, ta mayar cikin kabad. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun ran nan na haddace dokar: ƙarfe ba ya shiga, ko cokali, ko kwanon silba, ko langa, ko tangaran mai ado na ƙarfe. Robar da ba a yi ta domin zafi ba ita ma ba ta shiga, balle leda. Na sayi kwanon gilashi mai kauri da murfinsa, shi ne ya zama tukunyarmu.

Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya fara yin kyau shi ne gwaten acca, wanda mutanen Kano da Zariya za su kira fate. Goggo ta zauna a kujera tana ba da umarni, ni ina aikatawa. Ita ta koya mini rairaye acca har tsakuwa ta fita sarai. Rabin kofi na acca, kofi uku na ruwa, tumatir da albasa da gauta yankakku, ɗan attarugu, daddawa, dakakkiyar gyaɗa cokali biyu, da busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Na rufe na ba shi minti 8, na buɗe na motsa, na ƙara minti 4. Sa'an nan na zuba alayyahu da 'yar yakuwa na ba su minti 2 kacal, na bar kwanon a rufe ya huta minti 3. Da na buɗe, ganyen yana nan kore shar, bai yi baƙi ba. Na dubi kwanon, sai na ga da'irar da na zana a allo ce ta sauko cikinsa: acca mai ba da ƙarfi, kifi da gyaɗa masu gina jiki, ganye mai tsare jiki. Goggo ba ta jira kwana ukun ba. Ta ce in ɗan zuba mata ta ɗanɗana gishiri, sai ga shi ta cinye, ta miƙo kwano.

Daga nan muka ƙara wasu. Dankalin Turawa, wanda Allah ya wadata ƙasarmu ta Filato da shi, in aka wanke guda huɗu matsakaita, aka soke su da cokali mai yatsu don tururi ya fita, minti 10 sun nuna, amma a juya su a tsakiyar lokacin. Kabeji da karas, da ruwa cokali biyu kawai, minti 4. Ɗanyen kifi da aka shafe da citta da tafarnuwa da lemun tsami, minti 5, ba a ɗiga masa mai ba. Alala a cikin kofunan shayi da aka shafa wa ɗan mai, kofi huɗu minti 7. Ƙwai kuwa na koyi fasa shi a kofi in kaɗa, minti ɗaya ya ishe shi. Waɗannan lokuta na na'urarmu ne, wadda ƙarfinta wat 800 ne. Wadda ta fi ta ƙarfi za ta fi sauri, saboda haka kowa ya gwada tasa.

Akwai dabaru huɗu da na koya da wahala, ina ba ku su kyauta. Na ɗaya, a yanka abinci daidai wa daida, domin igiyoyin ba sa shiga can ciki, iyakarsu kamar tsawon gaɓar yatsa, sauran kuwa zafi ne ke ratsawa a hankali. Na biyu, a rufe kwano amma a bar 'yar kafa, don tururi ya taimaka wajen dahuwa. Na uku, a motsa ko a juya a tsakiya, gama na'urar takan bar wani wuri da sanyi wani yana ƙuna, a wurin sanyin nan kuwa ƙwayoyin cuta ke tsira. Nama da kaza da ɗumame lalle ne zafinsu ya kai digiri 75 har tsakiya. Wanda ba shi da ma'auni sai ya yanka ya duba, ya ga tururi na tashi daga ciki, ba kuma sauran ja a jikin naman. Na huɗu, in ta yi ƙara kada a yi hanzarin ci, a bar abinci ya huta minti biyu ko uku, domin dahuwa tana ci gaba. Ina ƙarawa da gargaɗi ga masu jarirai: kada a ɗumama madarar jariri a ciki, don kwalbar takan yi sanyi a hannu alhali wani sashi na madarar yana iya ƙona baki.

Me ya sa na ce abincin nan na lafiya ne? Ba wani sihiri ke cikin akwatin ba. Abin da ke lalata wasu sinadaran ganye, musamman bitamin C, shi ne daɗewa a wuta da yawan ruwan da akan tsiyaye a zubar. A nan kuwa ruwa kaɗan ne, lokaci gajere, ba kuma abin da ake zubarwa. Abinci ba ya kama gindin tukunya, saboda haka ba a bukatar mai da yawa. Gishiri kuwa hannun mai girki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, ya kuma ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Mun bar dunƙulen magi, muka koma ga daddawa da albasa da citta. Makon farko Goggo ta ce miyata kamar ta asibiti, daga baya harshe ya saba.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, na'urar nan ba ta iya kome da kome ba. Tuwo na gwada sau biyu, ya yi gudaji, domin tuwo yana son muciya da ƙarfin dantse. Wake tsaba, ko an jiƙa shi ya kwana, yakan daɗe har ribar ta gudu. Shinkafa tana nuna, amma ba ta fi ta murhu sauri ba. Ba ta suya, ba ta gashi, ba ƙosai, ba tsire. Abin da Goggo ta fi kewa shi ne ƙanzo, takan ce tukunyar da ba ta ƙanzo ba ta san marayu ba. Babbar matsala kuma ita ce wuta. Na'urarmu tana jan wat 1,200, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta, wutar gari kuwa takan zo ta tafi ba sallama. Na koyi yanka kayan miya tun da dare in ajiye, da ƙwan lantarki ya kama sai in tashi, ko da ƙarfe huɗu na asuba ne. Ranar da ba ta zo ba, ni ke hura gawayi a waje nesa da tagar Goggo, gama wanda ya iya haɗa gwate a gilashi ba zai kasa a tukunya ba. Ta wajen kuɗi kuwa na yi lissafi a mita: girkin minti 15 bai kai sulusin yunit ɗaya ba.

Na san da yawa cikinmu za a tura mu ƙauyukan da ko turken lantarki babu, kamar ƙauyenmu, inda mahaifiyata ke girki da itace har yau, idanunta na hawaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ban ce kowa ya sayi maikirowef ba, ni kaina ba ni da kuɗinta. Amma abin da ta koya mini yana aiki a kan kowane murhu: ruwa kaɗan, murfi a kai, ganye a ƙarshe, hayaƙi a waje. Da na je gida hutu na gaya wa mahaifiyata haka. Ta yi dariya ta ce yau ƙwai ke koya wa kaza wayo, amma na lura ta daina zuba alayyahu tun farkon miya.

Kafin wata ukun ya cika, tarin Goggo ya lafa. Da muka je asibiti ma'aikaciyar jinya ta auna jininta ta ce ya sauka, ta ce a ci gaba da magani da irin abincin da ake ci. Ban ce girkina ne ya warkar da ita ba, magani na aikinsa, amma magani a kan shayi da burodi wahala yake sha. Ni ma jirin ya bar ni. Ranar da malaminmu ya zo daga kwaleji duba koyarwata, na tsaya minti arba'in a gaban allo ƙafata ba ta yi rawa ba.

A makona na ƙarshe na sake zana da'irar nan a allo. Na kira yarinyar nan ta layin gaba, na ce, "Kin yi mini tambaya ban ba ki amsa ba. Sake yi." Ta sake, tana jin kunya. Na ce, "Dankali da kabeji da ƙwai, na kuma sha lemu ɗaya." Yara suka duba allo suka ƙirga, suka ce ya cika.

Ran da zan tafi na ba Goggo haƙuri a kan farantinta. Ta ce, "Bar shi, ɗana. Da zoben yana nan ba wanda ke ci a cikinsa." Saƙaƙƙen ƙyallen da furen roba sun koma kan rediyo. Na rubuta mata lokutan girki da manyan baƙaƙe a takarda na manna a bango. Makon jiya ta kira ni a waya, ta ce alalarta ta fi tawa laushi, na kuwa yarda.

'Yan'uwana, musamman maza, ku koyi girki tun kuna nan kwaleji, a kan kowane irin murhu kuka samu. Yaran da za a ba mu suna da ido, suna kuma da tambaya. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.